Layin da Mai Rajista Ta Ja da Biro

Injiniya, na ji an danƙa maka aikin kwashe bayanan asibitocin birni daga takarda zuwa kwamfuta. Allah ya taya ka riƙo. Na kuma ji ka ce tsofaffin littattafan rajista sun cika maka ofis da ƙura, mota kawai kake jira ta kwashe su. Kafin motar ta zo, zauna in ba ka wani misali, ai shayinka ma bai huce ba.

A wani babban birni an yi wata mai rajista a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibitin unguwa. Shekara talatin ba ɗaya tana kan kujerar nan, har ta yi wa jikokin waɗanda ta fara rubutawa rajista. Littafin da ma'aikatar lafiya ke ba ta yana da gurbin suna, sunan miji, adireshi da nauyin jariri. Ita kuwa duk shafin da ta buɗe, sai ta ɗauki rula da biro ta ja ƙarin layi a gefe, ta rubuta "gidan wanka" a samansa. Ka san halin mutanenmu: mace ta yi haihuwar fari, ba ɗakinta take komawa ba, gidan iyayenta ake wucewa da ita wankan jego har ta yi arba'in. Don haka kafin a sallami mai jego, tsohuwar nan sai ta tambaye ta inda za a yi wankan, ta rubuta kwatance dalla-dalla.

Ana nan sai ma'aikatar ta kawo kwamfuta, ta haɗa duk asibitocin birnin da babban ɗakin gwaji. Gaskiya abin ya yi kyau, ban rage masa komai ba. A da sakamakon gwajin jini sai ya yi sati biyu a jakar ɗan aike kafin ya dawo, yanzu kuwa a ɗiba yau a gani gobe. Wanda ya tsara aikin mutum ne mai ilimi, mai kirki, irinka, har gaggawar taku ɗaya. Ya kwafi duk gurbin da gwamnati ta buga a littafi, ya tsallake na biro, don a ganinsa ƙaƙale ne irin na tsofaffi. Tsohuwa ta koyi danna na'ura da yatsa ɗaya, ta nemi gidan wanka a ciki ta rasa. Ta yi masa magana, ya yi dariya ya ce ai akwai adireshi da lambar waya, me kuma ake nema. Ba ta ja da shi ba. Ta sayi littafin 'yan makaranta ta ajiye a durowa, ta ci gaba da tambayarta.

Wata safiya sakamako ya fito da jan rubutu. Wata jaririya da aka sallama jiya tana da shawara mai ƙarfi, irin wadda in ba a sa yaro ƙarƙashin fitilar asibiti da wuri ba take taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi ba ji ba magana. Aka buga lambar da ke cikin kwamfuta, a kashe. Lambar uban jaririyar ce, shi kuwa direban babbar mota ne, ya kama hanyar kudu da kaya. Aka tura ma'aikaciya adireshin, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce an tafi da mai jegon wanka gida, amma ba su san unguwar ba, don watan ma'auratan huɗu kacal da ƙaurowa layin. Birni ne mai mutum miliyoyi, ta ina za a fara? Hankalin mai tsara aikin ya tashi ƙwarai, don ga cuta na'urarsa ta gano, ga magani a ajiye, ga yarinya babu.

Da azahar ya zo asibitin da kansa, ya tsaya gaban teburin tsohuwa, kunya ta ishe shi. Ya ce, "Baba, wannan tambayar da kike yi musu, kin yi wa ta jiya?"

Ta jawo durowa, ta lashi yatsa ta buɗe shafi. Ga shi nan: bayan tsohuwar tasha, layin masu injin markaɗe, gida mai darbejiya a ƙofa, a tambayi Inna mai ƙosai. Kafin la'asar an sami yarinya a hannun kakarta, idanunta sun fara yin rawaya, kakar tana cewa zai wuce da kansa. Kwana uku yarinyar ta yi ƙarƙashin fitila ta warware sarai. Ranar suna aka aiko wa asibiti goro da alewa, tsohuwa ta ware nasa kason ta aika masa ofis.

Bai tsaya cin alewa kawai ba. A satin nan ya ƙara gurbin gidan wanka, ya bayyana a kwamfutar kowane asibiti a birnin. Daga nan ya sa aka sauke masa tsofaffin littattafan, ya jawo kujera kusa da ta tsohuwa, yana nuna duk abin da aka rubuta da hannu a gefe yana tambayar dalilinsa. Ta yi ritaya da farin ciki, tambayarta kuwa har yau ana yi wa kowace mai jego, a bakin ma'aikatan da ba su taɓa ganin fuskarta ba.

To, Injiniya, kawo na'urarka, muna so, mu ma mun gaji da jiran ɗan aike. Amma ka ce wa mai mota ya dawo wani satin, ka kaɗe ƙurar nan ka duba gefen shafi tukuna. Hausawa dai sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.