Ramin da Ya Ƙi Cikuwa

Karo na huɗu ke nan Narcisse yana tsaye a bakin ramin nan da igiyar awo a hannu. Ramin ya ratsa titin daga gefe zuwa gefe, zurfinsa rabin ƙwauri. Sati uku kacal da cike shi.

Narcisse injiniya ne a wani ɗakin binciken hanyoyi a Garwa. Shekara shida ya kwashe yana gwada wani haɗin kwalta da tsakuwa da zai jure zafin arewa da nauyin motocin auduga. Da aka ce ya zaɓi inda zai shimfiɗa shi a gani, sai ya zaɓi garinsu, Wuro Labbo, a kan hanyar Bibemi. Yana da dalili. A nan ne, gaban makarantar firamare, mota ta take Christelle, 'yar yayarsa Germaine, shekarar da aka fara sa wa hanyar kwalta. A bakin kabarinta ya yi alkawarin sai garinsu ya sami titin da babu irinsa a duk arewa.

Kilomita goma ya shimfiɗa, sumul kamar faranti, ko tsaga babu. Sai wannan wuri ɗaya.

Ya yanki kwaltar ya kai Garwa, aka matsa, aka gasa, aka jiƙa, ba a sami aibu ba. Ya sa an tona ƙarƙashi ko akwai ruwa, ƙasa ce busasshiya. Ma'aikatansa da ke ƙirga motoci suka kawo masa rahoto: direbobi kan taka birki tun daga nesa, su wuce makarantar da rarrafe, kuma wata goma sha ɗaya ko akuya ba a buge ba. Ya yi jifa da takardar. Titin da ya tsara wa gudun tamanin, a ce motoci na tafiyar hawainiya a kansa.

Ranar Litinin shugabansa ya kira shi ofis. In ramin ya sake buɗewa, za a rufe binciken, a cire sunansa.

Shi ya sa yau ya durƙusa, ya share ƙurar bakin ramin da tafin hannu. Kwaltar da ta gaji da kanta marmashewa take yi. Wannan kuwa sara ne, layi-layi, bakin diga a fili.

Ya miƙe. A tsallaken titi, ƙarƙashin dalbejiya, Oumar mai faci yana zaune cikin tsofaffin tayoyi, 'yan acaɓa uku na jiran layi.

Bai yi masa ko sallama ba.

"Kai ne kake haƙa mini titi don taya ta fashe ka ci abinci."

Oumar ya ɗago ya dube shi, ya ɗan dubi katangar makaranta, ya mayar da kai kan tiyub ɗin da ke hannunsa.

"Injiniya, ni faci na iya."

Kafin la'asar jandarmomi sun tafi da Oumar a bayan mota. Matarsa ta bi su da gudu har ta faɗi. Mutanen gari suka tsaya cirko-cirko, babu wanda ya yarda ya haɗa ido da Narcisse. Wannan ya ƙara tunzura shi. Garin da ya yi wa wahala, ga abin da suka saka masa da shi.

Ya wuce gidan Germaine, wadda ita ce shugabar makarantar. Tun mutuwar Christelle ta rage magana. Duk zuwansa tambayarta ɗaya ce, yaushe za a dawo gyara. Ta ajiye masa tuwon dawa da miyar yakuwa, ya lura tafin hannunta duk ya yi kanta. Ya ce a ransa, ga aji ga gona, matar nan za ta kashe kanta.

"Adda, na kama shi. Oumar ne."

Ta daɗe tana kallonsa.

"'Ya'yansa biyar, Narcisse. Uku a makarantata suke."

"Ya tuna da su kafin ya ɗauki diga. Sai ya yi shekaru a gidan yari, ko ni ba ɗan babanmu ba ne."

Ya tashi bai ci tuwon ba.

Washegari da hantsi yana ofishin jandarmomi a Bibemi yana rubuta ƙara. An fito da Oumar, leɓensa a kumbure, har yanzu bai amsa laifi ba, bai kuma ambaci kowa ba. Sai ga Germaine ta shigo cikin zanenta na zuwa coci, da jaka a kafaɗa. Narcisse ya ɗauka abinci ta kawo wa fursuna, har ya buɗe baki zai yi mata faɗa.

Ta wuce shi. Ta zaro damin takardu ta ajiye gaban kwamanda.

"Kofen wasiƙu goma sha huɗu ne, ranka ya daɗe. Duk roƙo ɗaya nake yi, a sa mana tudun rage gudu a ƙofar makaranta. Zuwa ofishin ƙanena na aika su. Ko ɗaya ba a amsa ba."

Sannan ta juyo ta dubi Narcisse.

"Ku saki Oumar. Ni nake haƙa ramin, kuma in ka cike shi gobe, jibi zan sake haƙawa."