Ɗinki Ta Ciki

Ranar Talata likita ta ce masa wata 'yar ƙofa a zuciyarsa tana yoyon jini, in ba a taɓa ta ba, da wuya ya ga damina.

"A cire a sa sabuwa," in ji shi. Tsohon malamin makaranta ne, ya karance cutar tun kafin ya baro Haɗejiya.

"Baba, ba ma yar da abin da zai gyaru. Ta 'yar tsaga tsakanin haƙarƙari za mu shiga, mu ɗinke ta."

Ya yi tsaki. Maganar marigayiya matarsa ke nan sak. Shekara da shekaru tana juya rigunansa tana ɗinkewa ta ciki, shi kuwa yana cewa masunci ya kamata ta aura, ta riƙa gyara masa koma.

Bayan an yi masa aiki likita ta nuna masa tabon, bai kai tsawon yatsa ba. "Yaya ka ga hannuna, Baba?"

"Ba laifi. Ana dai gani."

Da ya dawo gida ya ɗauko rigarsa ta Juma'a, ya kai ta hasken taga, ya yi ta neman inda ta taɓa yagewa. Bai samu ba. Bai kuma taɓa ce wa marigayiyar sannu da aiki ba.