Waken Ukasha

Na jefa ludayi cikin tukunya, na ja mayafi na fice. Wake da tumatir da barkono, yau ma, ko ƙashi babu.

Tun da muka yi gwajin jini mijina Ukasha ya dawo da labarin likita ya hana shi nama da maiƙo, gidanmu ya koma kurkuku. Ya roƙe ni in taya shi, wai in ya ji ƙamshin nama ba zai iya daurewa ba. Na yarda. Amma wallahi har mafarkin tsire nake yi.

Na sauka daga mota a kasuwar Ataba, na nufi wurin mai soya hanta. Na karɓi tawa cikin burodi, ban ko kai baki ba sai na hango Ukasha da abokinsa Ɗantsoho suna cin tasu, maiƙo har gemu.

Na ɓoye hannuna a baya. "Kashe kanka za ka yi? Ni ina can ina fama da wake saboda ciwonka!"

Ɗantsoho ya tuntsire da dariya. "Wane ciwo, Hafsa? Wannan ƙaton? Ai gwajinki ne ya nuna..." Suka haɗa ido da Ukasha, ya haɗiye sauran.

Ukasha ya ajiye burodinsa. "Na san halinki," ya ce a hankali. "Don kanki, ko kwana biyu ba za ki yi ba. Don ni kuwa, dubi watannin da kika jure."

Ya miƙo hannu. "Khalas, magana ta ƙare. Ba ni abin da ke bayanki."