Tela da Ramukan Niƙa

Akwai wani tela mai zafin nama, wanda ba ya samun hutu sai an yi sallah an watse, masu ɗinki sun daina yi masa sintiri a bakin shago. Bayan keken ɗinkinsa, babu abin da yake so kamar ɗaukar hoto. Ba sana'arsa ba ce. Wata tsohuwar kyamara ya saya ta hannu, yana ɗaukar gajimare da bishiyoyin kuka da shanu a bakin rafi, matarsa na yi masa tsiya wai ko 'ya'yansa bai ɗauka haka ba. Wata shekara da zai tafi hutu, mahaifiyarsa ta roƙe shi abu guda. Ƙafa ta riga ta ƙi ta, yanar ido kuma ta fara rufe mata gani, kullum duniya ƙara dushe mata take yi. Ta ce ya je ƙauyen da aka haife ta, ya ɗauko mata hoton falalen dutsen bayan gari, inda ita da yayarta marigayiya suke niƙan dawa suna 'yan mata har dutsen ya yi ramuka, da kwarin giginyun da ke ƙarƙashinsa. So take ta gani tun idon yana gani.

To, shi tela abu ɗaya ya sani game da haske: in ya wadata, zare ya shiga allura. Saboda haka sai ya bari rana ta take tsaka, ta ƙwalle, sannan ya hau dutsen yana haki. Ya ɗauka ya duba. Sama ta fito fari fat kamar sabon alawayyo, dutsen ya fito sumul, ramukan kuwa ko alamarsu babu, don ranar da ke tsakar ka ba ta bar musu inuwa ko kaɗan ba. Washegari ya zo da hantsi ya fuskanci ranar ido da ido, giginyun suka fito baƙi ƙirin kamar an babbaka su. Bawan Allah ya kare kyamarar da hularsa, ya kwanta rub da ciki a kan dutse mai zafin tanda, ya murɗa duk abin da yake murɗuwa a jikinta. Har ruwan gorarsa ya tsiyaya a ramukan ko za su nuna, kafin ya saita ya ƙafe. Da rana ta fara yin sanyi kuwa sai ya rataya kyamara ya sauko, yadda ya saba rufe keke in haske ya ragu, wai aiki ya ƙare. Haka hutun ya yi ta zagwanyewa, shi kuma abin yana cin ransa, don ya san idon tsohuwa ba zai jira wata sallar ba.

Ranar da ta rage masa, yana can sama hadari ya taso, ya hana shi saukowa. Ya laɓe a ƙarƙashin wani dutse, ya cusa kyamarar cikin rigarsa, ya zauna yana ɓarar gyaɗa. Ya haƙura, ya ce zai je ya gaya wa tsohuwa gaskiya, abin ya fi ƙarfinsa. Ruwa ya ɗauke, ya yi sallar la'asar a nan, ya ci gaba da zama don gajiya. Can sai ranar ta sunkuyo ta ƙarƙashin gajimare, ta hasko dutsen ta gefe, launinta kamar man shanu. Kowane rami ya yi inuwa a baki ɗaya, ruwan sama ya kwanta a cikinsa yana ƙyalli, kwarin giginyu ya yi kore shar. Inuwar da ya yi ta gudu, ashe ita ce mai nuna ramukan. Ya ɗaga kyamara, ya ɗauka.

Da ya koma gida ya wanke hoton babba ya kai mata. Tsohuwa ta kawo shi dab da hancinta, tana bin ramukan da yatsa, har ta tsaya a kan na bakin gefe. Ta ce, "Wannan nawa ne, na kusa da shi na Yaya. Allah Ya yi maka albarka, har lokacinmu ka ɗauko. Da yamma muke hawa, wa zai yi niƙa da tsakar rana?" Ta yi dariya har da hawaye. Tela ya shafa ƙeyarsa da rana ta ƙona, ransa fari ƙal.

Shi ya sa masu iya magana suka ce zafin nema ba ya kawo samu.