Ƙwallon Dabino Ɗaya

Ɗalibaina na yamma 'ya'yan teloli ne da masu tsire a unguwar Briqueterie. Ba mu da akwatin zaɓe, sai gwangwanayen tumatir, kowanne da sunan ɗalibi. Ranar zaɓen shugaban aji, kowa zai shiga bayan labule ya jefa ƙwallon dabino a gwangwanin wanda yake so.

Akwai yaron da yake zama shi kaɗai a bakin ƙofa tun da wansa ya bi masu wa'azi da bindiga. Iyaye sun hana 'ya'yansu kula shi. Wan kuwa kullum aiko masa da saƙon murya yake: taho, ba mai son ka a unguwar.

"Malam, zaɓe kafirci ne," in ji yaron ranar zaɓen. "Gobe ma jirgin ƙasan Ngaoundéré zan hau, in tafi wurin wana."

"To, riƙe ƙwallonka, amma zauna a ƙirga."

'Yar mai ƙosai ta lashe, aji ya kaure da ihu: "Madame la présidente, shugabarmu, yau ƙosai kyauta!" Da na ɗaga gwangwanin yaron, sai wani abu ya yi ƙara a ciki. Ƙwallo ɗaya.

"Kanka ka zaɓa!" wani ya tsokane shi.

Yaron ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwallonsa na nan, jiƙe da gumi.

"Malam, wa ya saka?"

"Ba a faɗa, ɗana. Ni ma ban sani ba."

Ya daɗe yana bin fuskokinsu da kallo.

Washegari jirgi ya tafi babu shi. Ya gane cewa akwai mai son sa a ajin, kuma kowa a cikinsu zai iya zama shi ne.