Gyaɗar da Kurege Ya Binne

Yanzu babu mai karatu a tsakar gidana bayan la'asar. Matata Rakiya ta rasu da kakar bana, ta bar ni daga ni sai keken ɗinkina.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Amma shekara da shekaru 'ya'yan unguwa a gidanmu suke taruwa, tana karanta musu wani tsohon littafi, labarin ɗan kuregen da ya bar raminsu ya ɓuya cikin kwale-kwalen masunta don ya ga inda kogi ya ƙare. In ta kai ƙarshe su ce a sake daga farko. Ni a aji huɗu na tsaya, nawa saurare ne daga kan keke, da tsawa in ihu ya yi yawa. Abin da ya fi cina a rai bayan rasuwarta shi ne, in ni ma na tafi, wa zai yi mata addu'a?

Na faɗa wa Kawu Ɗanjuma haka ranar da ya zo duba ni. Ya ce, "Kai da ka sha labarin kurege har ka ƙoshi, bari in ƙara maka ɗaya."

Ya ce wani manomi ne, duk kaka in ya shanya gyaɗarsa sai wani ɗan kurege ya zo ya cika kumatu ya ruga, ya dawo ya ƙara. Maƙwabta suka ce ya ɗana tarko, ya ce cikin kurege nawa yake. Suka riƙa kiransa mai noma wa kurege. Wata shekara da rani gobara ta cinye rumbunsa, har irin shuka bai tsira ba. Ruwan farko ya sauka, kowa ya fita da sungumi, shi yana zaune bakin gona hannu a kumatu. Ba a jima ba sai ya ga gyaɗa tana tsirowa inda bai taɓa shukawa ba: gindin shinge, bayan suri, ƙarƙashin sabara. Ashe kuregen ba duka yake ci ba, binnewa yake yi ya manta. Manomin ya bi su tushe tushe yana yi musu noma. Bai cika rumbu ba, amma ya sami irin baɗi.

Kawu ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ruwan naka ne bai sauka ba tukuna, ɗana."

Bayan sallar layya wata mata ta yi sallama da goyo a baya. Ban gane ta ba sai da ta ce, "Baba tela, ni ce Kulu sarkin kuka, wadda ka fi yi wa tsawa." Yanzu malama ce a makarantar wani ƙauye. Littafin ta zo aro. Ta ce tun da ta fara koyarwa da ka take ba ɗalibanta labarin, kuma tun da ta ji rasuwar ba sa tashi ranar Juma'a sai sun yi wa Inna Rakiya addu'a. Na miƙa mata, na ce ba aro ba ne.

Gaskiyar Hausawa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wanda duk ya karanta wannan, ya taya ni da amin: Allah ya jiƙan Rakiya, ya haskaka kabarinta, ya raya yaran da ba ta haifa ba.