Ɗigon da Ya Nuna Hanyar Zuma

Ku 'yan zamani, wa ya raba ku da kamun kai? Mutum bai gama sa takalmi ba, duniya ta san inda za shi, da motar da zai hau, har da abin da zai ci a hanya. To ku buɗe kunnuwanku, in dai ba na ado ba ne.

An yi wani ɗan kasuwa mai sayar da farar zuma, irin wadda in ta taɓa harshe sai mutum ya lumshe ido. Kaf kasuwarsu ba mai irinta. A wani ƙauye can bayan duwatsu ake samunta. Ubansa ne ya gano garin, ya yi ta zuwa har ya tsufa, ko amininsa bai taɓa jin sunan wurin daga bakinsa ba. Da ɗan ya gaji sana'ar, sai Allah ya buɗa masa. Yau yana Legas, jibi Abuja, wani watan ya hau jirgi ya kai wa Larabawa. Ya sayi babbar waya, ya cika ta da abubuwan nan da ake kira manhaja. Kai, abin ba a cewa komai! Yana kishingiɗe a ɗaki zai dangwala yatsa, kujerar jirgi ta zama tasa. Ya sauka garin da bai san kowa ba, kafin ya saɓi jaka mota na jiransa, ɗakin kwana an share an gyara. Balarabe ya zuba masa yare, waya ta mayar masa da Hausa. Ko alƙibla ce ta rikice masa a cikin dogon bene, ita ke nuna masa. Amfani kam akwai shi, ba mai musu. Wahalar da ta cinye ƙafar ubansa, shi ko ƙurarta bai shaƙa ba.

Amma wadda ta fi tafiya da hankalinsa ita ce mai taswira, wadda ke nuna mutum kamar ɗan ɗigo shuɗi yana rarrafe a kan hanya. Da fari matarsa kaɗai ya buɗe wa, don hankalinta ya kwanta in ya yi nisa, kuma wannan daidai ne. Sai daɗi ya kwashe shi. Ranar da ya kama hanyar ƙauyen zuma, ya jefa ɗigon a zauren hirar 'yan kasuwarsu na waya, don a san shi ma ya waye. Nan fa zaure ya ɗauka: "Sai Alhaji! Uban tafiya, ƙasa ta yi maka kaɗan!" Yana bayan mota yana ta washe baki, kai ya kumbura kamar tulu. Ɗigo ya bar kwalta, suna kallo. Ya tsallake rafi, ya zagaya dutse, ya tsaya cak, suna kallo. Don ya ƙara cika musu ido, ya ɗauki hoto kafaɗa da kafaɗa da tsohon da ke shugabantar masu ɗaura amya a bishiya, ya tura. Aka yi ta zuba masa kirari. Mutum biyu a zauren kuwa, ba kirari ne a gabansu ba. Su hanyar suka adana.

Da kakar zuma ta zagayo, ya yi wa masu sayensa na Legas da na ƙetare alkawari, ya loda jarkoki, ya tafi da murnarsa. Tun daga bakin rafi ya ga sawun babbar mota. Tsohon ya tarbe shi da fara'a, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce, "Maraba da ɗana! Ai mutanenka sun riga ka. Sun nuna mini hotona da kai, na ce wanda ya zo da fuskar ɗan aminina ba a hana shi komai. Mun juye musu duka, har ta baɗi sun kama." Ɗan kasuwa ya juya ya dubi jarkokinsa. Ƙarar wa zai kai? Ba wanda ya yi masa fashi, ba wanda ya bi shi a ɓoye. Da yatsansa ya jawo su har ƙofa.

Ya juyo da jarkoki fayau suna karo da juna a bayan mota, waya kuwa ta nuna masa hanyar gida tsaf, ko lungu ɗaya ba ta ɓata ba. Masu sayensa suka jira, suka gaji, suka koma wurin mutanen nan biyu. Yau in yana son farar zuma, rumfarsu yake zuwa, ya tsuguna ya saya kwalba-kwalba kamar kowane baƙo. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.